Daƙiƙa goma sha ɗaya da na ƙona

Ƙarshen makon nan zan miƙa makullin shago in tafi, bayan shekara shida ina gyaran tsofaffin majigin fim na gida. Yaran da suka shigo bayana sun matsa mini sai na rubuta musu abin da na koya. Na zauna da niyyar jero musu abubuwa, sai na ga duk inda na ɗauko zance, kan faifai ɗaya yake komawa, wanda ya lalace a hannuna a shekarata ta biyu. To bari in fara da shi, sauran su samu abin da ya rage.

Wata dattijuwa ce ta kawo majigin mijinta marigayi, irin na siririn fim ɗin nan Super 8, masu zura fim da kansu. A cikin akwatin akwai ƙananan faifai uku masu ƙafa 50, an rubuta 1974 da biro a jikin ɗaya. Kun san irinsu, kowanne minti uku ne da daƙiƙa ashirin idan majigi yana tafiya hoto 18 a daƙiƙa. Ciwon majigin ba wani babba ba ne. Bel ya narke ya koma kamar kwalta ya manne a jikin gare, giris ya daskare, ƙwan fitila ya ƙone. Kwana biyu na yi ina kankare baƙin nan da auduga da sifirit, har sai da farcena ya yi mako guda bai koma fari ba. Na sa sabon bel, na sa ƙwan EFP mai bolt 12 da wat 100, na kunna. Ya ɗauka da ƙarar nan tasa mai daɗi, kat-kat-kat, ba gargada. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Saura gwaji. Faifan gwajinmu guda ɗaya ne tak, kuma Maigida ya ba wani abokinsa aro tun wata biyu da suka wuce. Na ce, "Maigida, ba mu da na gwaji fa." Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Ba ga nata nan ba? Sa ɗaya mana, ƙarfe huɗu za ta zo." Ina buɗe gwangwanin wani warin tsami irin na binega ya bugi hancina. Na ce, "Maigida, wannan yana wari." Ya ce, "Kai yaro, wane tsohon fim ne ba ya wari? Yi aikinka."

Na san warin. Wannan ne abin da har yau yake ci na, don da ban sani ba da da sauƙi. Irin wannan fim ɗin gida da wata roba mai suna asitet ake yin sa, kuma idan ya daɗe a wuri mai zafi da laima sai ya fara ruɓewa yana fitar da wannan tsamin. Yana ruɓewa yana ƙanƙancewa, yana kuma lanƙwashewa ta gefe. Shi kuwa majigi ba ruwansa. Ƙugiyar da ke jawo fim ƙasa an auna ta ne daidai da tazarar hudojin da ke gefen sabon fim, kuma sau 18 take kai hannu a kowace daƙiƙa. Idan fim ya tsuke ko da kaɗan ne, ƙugiyar ba za ta faɗa cikin huda ba, gefenta za ta dinga sara. Ga shi hudojin Super 8 ƙanana ne, don lokacin da Kodak ya fito da shi a 1965 rage su aka yi domin hoto ya samu fili fiye da na tsohon 8mm na 1932. Ƙaramar huda kuwa ba ta jure sara.

Duk da haka na zura. Minti na farko lafiya lau. Wani mutum ne a bango, dogo, sanye da farar riga, yana ɗaga jaririya sama yana dariya, launin nan na fim ɗin Kodachrome fes kamar jiya aka ɗauka. Na shagala da kallo, hannuna ba ya kan makunni. Sai ƙarar ta canza, hoton ya fara rawa yana tsalle. Wanda ya ƙware a nan yake kashewa. Ni kuwa sai na miƙa hannu wai in gyara lanƙwasar ƙasa, wato ɗan sakin da ake bar wa fim bayan ya wuce ƙugiya, wadda ta riga ta ɓace. Kafin in ankara fim ya cushe, ya tsaya cik a bakin taga, inda hasken ƙwai yake ratsa fim, injin kuma yana ta juyawa. Kariyar zafin da ke cikin majigin sai an danna maɓallin tsayar da hoto take saukowa. Idan fim ya maƙale da kansa, majigi bai san an yi ba. Ina kallo a bango, fuskar mutumin ta yi ɗigo ruwan ƙasa, ɗigon ya buɗe ya yi kumfa, sai fari fat.

Da na buɗe, hoto biyu ne suka ƙone, amma kusan 200 ne hudojinsu suka yage kaca-kaca, wasu sun naɗe kamar an tauna. Tsawonsu bai kai mita ɗaya ba. Daƙiƙa goma sha ɗaya ke nan.

Ga waɗanda suka taso da waya a hannu, ku fahimci abu ɗaya. Irin wannan fim ba shi da nagatif. Wanda aka sa a kyamara aka ɗauka, shi aka wanke, shi ne kuma ake sawa a majigi. Babu kwafi a ko'ina a duniya. Ƙwai ana saye, bel ana yankawa, gare ma a yau ana bugawa da roba. Wannan zaren kuwa idan ya tafi ya tafi.

Ƙarfe huɗu ta zo. Kafin in buɗe baki Maigida ya riga ni. Ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, yaron nan ne ya ɗauki fim ɗinki ya sa ba tare da ya tambaye ni ba. Kin san yaran yanzu." Ya juyo ya dube ni ido cikin ido, ko kunya babu. Na yi shiru. Ita kuwa ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ɗaga guntun da na yanke wajen haske, ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Nan ne ya juyo yana yi mini magana." Ta ce in haɗa mata sauran. Na haɗa. Yanzu idan aka kalla, mutumin yana riƙe da jaririya, sai kawai a gan shi ya riga ya juya baya yana tafiya.

Wata uku Maigida yana cire wani abu daga albashina da sunan wannan asara, alhali ko kwabo matar ba ta karɓa ba. Kuma har shekara ta kewayo, duk sabon kwastoman da ya shigo sai ya ji labarin yaron da ya ƙona fim. Laifi tudu ne, ya taka nasa ya hango nawa. Na daɗe ina ɗora masa komai, kuma har gobe ina ganin rabin laifin nasa ne. Amma hancina ne ya ji warin, hannuna ne ya zura, idona ne ya bar fim ya koma bango. Da na ce ba zan sa ba, iyaka ya yi mini tsawa, kuma da ma kullum cikin shan ta nake.

Tun daga ranar ban sake sa fim ɗin mutum a majigin da na gyara ba sai na yi masa gwaji sau uku da wanda ba wanda zai yi kuka a kansa. Kowane faifai sai na warware shi da hannu tukuna, ina bin gefensa da yatsa ina neman yagaggiyar huda da tsohon haɗin da ya bushe. Wanda yake wari kuwa ba ya kusantar majigi, kuma ba a ajiye shi tare da sauran, don tsamin yana kama na kusa da shi. Ina gaya wa mai shi ya kai a kwafe masa a kwamfuta da na'urar da ba ta da ƙugiya. Maigida ya sha cewa ina korar masa ciniki. Kwastomomin da suka dinga dawowa suna tambayar "yaron nan mai shinshina fim" su suka rufe masa baki.

Sauran abubuwan kun riga kun gan su a hannuna. Taga a goge ta kafin kowane faifai, da tsinken katako ko burushi mai laushi, kar ƙarfe ya taɓa ta, don ɗan datti guda da ya ƙafe a nan zai ja layi tun daga farkon fim har ƙarshensa. Ƙwan halojin ba a kama shi da yatsa tsirara. Man inji ɗigo ɗaya ya isa, kuma nesa da hanyar fim da bel. Majigin da aka yi wa Amurka bolt 110 yake so, ku duba bayansa kafin ku jona. Majigi masu karɓar fim iri biyu, ku tabbata an saita su a kan irin da ke hannunku, don haƙoran 8mm sun fi ƙarfin hudojin Super 8. Kuma a minti na farko hannu a kan makunni, kunne a kan inji, bango ba naku ba ne.

Guntun nan dai yana wurina. Matar ta ce in riƙe, ita ba za ta iya kallonsa a haka ba. Yana cikin ambulan a aljihun jakata, zan tafi da shi. A durowar ƙasa ta teburina kuma, bayan gwangwanin giris, na bar muku faifan gwaji guda uku da na saya da kuɗina, biyu Super 8, ɗaya 8mm. Maigida bai san da su ba, kada ku gaya masa.