Talata: Mercury ɗin Hirohata da gardamar Kawu

Wuta ba ta zo ba sai bayan la'asar. Zafi kamar me.

Maganar Kawu ce ta tsaya min a rai. Ya leƙo hoton motar a wayata ya ce, "Wannan ai rufi aka yanke aka mayar, ko yaran gareji sa iya." Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, abin ya wuce nan."

Mercury ce ƙirar 1951. Bob Hirohata ya kai wa Sam da George Barris, masu sauya fasalin motoci a Kalifoniya, suka fito da ita a 1952. Sun rage tsayin rufin da inci 4 ta gaba, 7 ta baya, suka cire ginshiƙan tsakiya da mariƙan ƙofa. Fitilun baya na Lincoln, adon gefe na Buick, daga baya aka dasa mata injin Cadillac.

Inda gizo ke saƙa shi ne, ginshiƙan mota a karkace suke. Ka yanke tsakiya ka sauko da rufi, sama da ƙasa ba za su haɗu ba, sai an kwantar da wannan, an tsaga wancan, an yi ciko da ƙarfe. Tun kafin a sa zarto ma sai an tokare cikin motar an kama da walda, in ba haka ba jiki ya murɗe, ƙofa ta ƙi rufuwa. Gilashi mai leda a tsakiya yana yankuwa, gasasshe kuwa wargajewa yake.

Kawu ya ce, "Sai a lafta fila," wato abin cike lotsawar jikin mota. Ina! Lokacin dalma ake sawa, kashi 70, kuza 30. A tausasa ta da wuta, a shafe da katako mai kitse, a bi da magagari. Ka bar ragowar asid a ƙasa, fenti ya yi ƙuraje.

"Nawa take?" Na ce a 1959 Jim McNiel ya saye ta dala 500, a Janairun 2022 aka yi gwanjonta a Fulorida kan dala miliyan 1.95.

Ya ce, "Kuɗi ne suka yi musu yawa," ya ɗauki buta.

Wannan ce ta ɓata min rai. Kawu fa ya san ƙarfe, da guduma ya ci da mu. Shi ya kamata ya fara ganin aikin hannun, sai kuɗin kawai ya ji.

Tuwo da miyar kuka. Yaya bai kira ba har yanzu.