Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da muka karanta takarda a bainar jama'a

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya na tsaya a inda muka gama zagayen wayar da kai kan katin zaɓe, aka yi zaɓe aka gama kowa ya kama gabansa. To abin da ya biyo baya shi ya fi ci min rai, domin duk mitin ɗin da muka kira bayan zaɓe sai ka ga benci wayam, mu da muka kira mu kaɗai ne a zaune. Kuma wallahi ban ga laifin mutane ba, wanda ya sha rana a layi ya dangwala, shekara ta zagayo bai ga komai a ƙasa ba, ka zo kana ce masa dimokuraɗiyya haƙƙinsa ce, me zai yi da wannan maganar?

Wani tsohon malaminmu da ya yi ritaya ne ya juya mana tunani. Na je gaishe shi ina ta ƙorafi, ya bar ni na gama tas sannan ya ce "ɗana, ku daina yi wa mutane lacca, ku kai musu takarda." Shi ya ba ni labarin ƙungiyar MKSS ta leburori da manoma a jihar Rajasthan ta Indiya, wadda tun 1994 take tara mutanen ƙauye a karanta musu rajistar waɗanda aka ce an biya kuɗin aikin gwamnati, suna bayan suna da ƙarfi kowa na ji, sai a ji sunan wanda ya daɗe da rasuwa wai ya yi aiki har ya karɓi lada. Wannan gwagwarmaya na cikin abin da ya haifar da dokar samun bayanai ta Indiya a 2005. Ya kuma kawo min Uganda, inda bincike ya nuna tsakanin 1991 da 1995 kusan kashi 13 cikin 100 ne kawai na tallafin makarantun firamare yake isa makarantun, da gwamnati ta fara buga kuɗin da take turawa a jaridu, zuwa 2001 abin da ke isa ya kai wajen kashi 80.

Ban yi barcin kirki ba a daren. Muka zauna da abokan tafiyata muka rubuta wasiƙa bisa dokar 'yancin samun bayanai da Najeriya ta yi a 2011, wadda ta ce a ba ka amsa cikin kwana 7 kuma ba dole sai ka faɗi dalilinka ba. Abu ɗaya muka nema, takardun kwangilar ginin ajujuwa na makarantar da yaranmu suke zuwa. Maganar zirga-zirga a ofis ba sai na ja ta ba, yau yallaɓai ba ya nan gobe fayil yana sama, amma dai a ƙarshe fotokofi ya shigo hannunmu.

A jikin takardar an rubuta an kammala aiki, har da sa hannu da hatimi. Ginin kuwa yana nan tsaye ba rufi ba ƙofa ba taga, ciyawa ta fito a tsakiyar aji.

Wannan karon ba mu kira mitin ba, cewa muka yi za a karanta takardar makaranta a gaban ginin, duk mai so ya zo ya ji da kunnensa. Jama'a, ban taɓa ganin taro irin wannan ba, har da matan da ko sau ɗaya ba su taɓa zuwa zamanmu ba. Na riƙe lasifika hannuna na rawa na karanta layi bayan layi, da na zo wajen "an kammala" sai wata dattijuwa ta ɗaga hannu ta ce "ɗan nan, maimaita min wurin nan." Na ce "Inna, cewa aka yi an kammala." Ta juya ta kalli ginin ta ce "to jikana da yake zama a ƙasa cikin rana, a wane ajin yake?" Wurin ya kaure da magana, kowa yana kawo nasa, wani ya ce ya ga ranar da aka kwashe sauran bulo a mota, wani magini ya ce har yau bai ga kuɗin aikinsa ba.

Kansilanmu ya zo daga baya, na tare shi da girmamawa na ce "ranka ya daɗe, ga abin da muka samu." Ya karanta ya daɗe bai ɗago ba, ya ce shi ma yau ya fara ganin takardar, kuma ni na yarda da shi, domin sau da yawa na ƙasa ba a nuna musu komai sai dai a kira su ɗaukar hoto. A nan take mutane da kansu suka zaɓi kwamiti, maza da mata, aka rubuta ƙorafi, masu sa hannu suka sa masu dangwale suka dangwala, kansila ma ya sa nasa.

Da daddare wata baƙuwar lamba ta kira ni, mai maganar ya ce shi ne ɗan kwangilar kuma yana son mu gana mu biyu kawai. Yadda muka yi da shi sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.