Asabar, ni da bakin sigarin lantarkina

Tun da asuba na san akwai matsala. Bayan na dawo daga masallaci na danna maɓallin, sai allon ya nuna wai bai ga tanki ba, wato mazubin ruwan sigarin, alhali ga tankin a ɗaure a kansa. Da na taɓa shi da yatsa sai na ji yana girgiɗi kamar haƙorin da ya kusa fita. Gabana ya faɗi. Wata bakwai ke nan rabona da karan sigari, kuma na san halina: in abin nan ya kwana biyu a mace, ƙafata za ta kai ni wurin mai tebur na bakin layi.

Na fara cire batirin, irin 18650 ɗin nan, na ajiye shi can gefe. Ba a wasa da shi, in ƙarfe ya haɗa kansa da gindinsa wuta zai iya kamawa. Sannan na haska ramin da ake ɗaura tankin a ciki da tocilan. Ƙurar hunturu ta gauraya da ruwan da ya tsiyayo daga tanki, ta zama baƙin danƙo. Na tsoma audugar kunne a sifirit na yi ta gogewa har guda huɗu suka baƙanta. A nan na ga ainihin ɓarnar: layi biyu na sama na tiredi, wato zanen murɗin da ke riƙe tankin, sun kwanta sumul, ga ɗan garin tagulla yana ƙyalli a ƙasan ramin.

Wannan bakin shi ake kira 510. Faɗinsa milimita 7 ne, tsakanin layi da layi kuma rabin milimita kacal. Na na'urata tagulla ne, na tankin ƙarfen da ba ya tsatsa, mai taurin ya yi ta cin mai laushin. Ni ma na taimaka, sau nawa nake ɗaura shi a karkace cikin Adaidaita Sahu ina sauri.

Ƙanena da ke gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano ya leƙo da hantsi. Na ce masa zan naɗa farin tef ɗin masu gyaran famfo ya kama. Ya ce, "Haba Yaya, ai tiredin nan shi ne rabin hanyar wutar. Ta fil ɗin tsakiya take shiga, ta jikin tiredin take komawa. Ka sa tef ka yanke ta." Ya bar mini ƙarfen dalma da mitarsa ta gwajin wuta ya wuce shago.

Sai na tuna da tsohuwar na'urata da allonta ya mutu, tana cikin durowa. Bakinta lafiya lau, fil ɗin ma yana lotsawa ya dawo. Na kwance notin da ya riƙe shi ta ciki, na ciro. Ina shirin narka dalma aka ɗauke wuta, ba ta dawo ba sai bayan isha'i.

Waya biyu ce kawai, amma wurin matsattse ne, hannuna yana rawa kar zafi ya narkar da farar robar da ta raba fil da jikin ƙarfen. Da na gama na ɗora mita tsakaninsu. Shiru, ba ta yi ƙara ba, wato ba su haɗe ba. Na yi ajiyar zuciya.

Uwargida ta shigo ta ga kwalbar ruwan a kan tabarma. Ta ce, "Maigida, ɗauke wannan kafin yara su tashi." Gaskiyarta, nikotin guba ne ga yaro. Na sa ta saman sif na kulle.

Na ɗora tankin, na murɗa hagu a hankali har na ji ɗan ƙas, layi ya faɗa kan layi, sannan na koma dama. Ya shiga ba gardama. Na mayar da batir, allon ya ga tankin, ya nuna awonsa 0.4, kamar yadda yake nunawa da can.