Inda dalma ke tsinke aikin haɗa jini

Ɗalibin likitanci da ya fito daga Zamfara bai kamata ya haddace hanyar da jiki ke haɗa sinadarin him na jini don jarrabawa kawai ba. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinari ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma wannan hanyar na cikin wuraren da dalma ke yi wa ɓarna.

Him shi ne zoben da ke riƙe da ƙarfe a cikin hemogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini, kuma enzim takwas, wato sinadaran da ke hanzarta ayyukan jiki, ke ƙera shi. Ana farawa a maitokondiriya, sashen ƙwayar halitta da ke samar da kuzari: gilaisin da suksinil-CoA su haɗu su ba da sinadarin ALA (aminolevulinic acid), da taimakon bitamin B6. ALA ya fito saitofilazim, ruwan cikin ƙwayar, inda enzim ɗin ALA dihaidiretes ke haɗa biyu-biyu su zama fofobilinojin. Huɗu daga cikinsu ke yin zobe ɗaya. A ƙarshe a koma maitokondiriya, enzim ɗin ferokilates ya dasa ƙarfe a tsakiyar zoben, wanda a lokacin ake kira furotofofirin IX.

Wuri biyu dalma ke kamawa a wannan hanyar. ALA dihaidiretes da zink yake aiki, sai dalma ta ture zink ta zauna a gurbinsa, ALA ya taru har ya fita a fitsari. Ta kuma hana dasa ƙarfen, sai zink ya shige zoben, ZPP, wato furotofofirin mai zink, ya hau a jini. Ɗigo-ɗigon shuɗi da ake gani cikin jajayen ƙwayoyi kuwa ba daga nan suke ba. Ragowar RNA ce da ta dunƙule, don dalma ta toshe wani enzim na uku da ke rushe ta.

To, a kula: ZPP na hawa a ƙarancin ƙarfe ma, wanda ya zama ruwan dare ga yaranmu, ɗigon kuma ana ganinsa a talasimiya, wata cutar jini ta gado. Ba a yanke hukunci da su. Dalmar kanta ake aunawa, kuma a cikakken jini, don kusan kashi 99 cikin ɗari na dalmar da ke jini na cikin jajayen ƙwayoyi. Jinin yatsa na yaudara: yaron da ya yi wasa a gidan da ake dakan dutse, ƙurar hannunsa kaɗai na iya ɗaga sakamakon. A wanke hannun da sabulu, a tabbatar da jinin jijiya.

Daga maikurogiram 45 na dalma a desilitar jini ake ba yaro maganin DMSA, mai fitar da dalma daga jiki, amma in zai koma gidan da ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa ba, adadin sake hawa zai yi.