Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Akwatin Hotunan Yahudawan Vilna

A makon jiya mun tsaya ne inda makaranta ta ce sai kowannenmu ya yi aikin sanin makamar aiki a wata taskar adana kayan tarihi kafin a ba shi takardar kammalawa. Wurin da aka tura ni ba wani babba ba ne. Ɗakuna biyu ne a ƙasan ginin wata cibiyar Yahudawa a bayan birnin Washinton, maƙare da akwatunan da iyalai ke kawowa idan tsohonsu ya rasu, 'ya'ya kuma suka rasa yadda za su yi da tarkacensa. Aikina shi ne in sa safar hannu, in ɗauko hoto, in cika masa kati: wane gari, wace shekara, su wa ke ciki, me ake yi. Mafi yawan hotunan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a jikinsu.

Mai kula da wurin tsohuwa ce da ta haura saba'in, Madam nake ce mata. Iyayenta daga yankin Vilna suka fito, birnin da yau ake kira Vilnius, fadar gwamnatin Lituwaniya, wanda tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu yake hannun Poland. Tana karanta Yiddish, harshen gida na Yahudawan gabashin Turai, wanda ake rubutawa da haruffan Ibrananci daga dama zuwa hagu. Kafin ta bar ni in taɓa komai sai ta ce in je Gidan Tarihin Tunawa da Kisan Kiyashin Yahudawa da ke tsakiyar Washinton, in tsaya a hasumiyar hotuna, in dawo in faɗa mata abin da na gani.

Gidan tarihin nan a 1993 aka buɗe shi. Hasumiyar kuwa wani dogon ɗaki ne mai hawa uku, an lulluɓe bangonsa da hotuna wajen dubu tun daga ƙasa har inda wuya zai gaji da ɗagawa. Dukkansu na gari ɗaya ne, Eishishok, wani ƙaramin gari a kudu da Vilna, kusa da iyakar Belarus ta yanzu, kuma an ɗauke su tsakanin 1890 da 1941. Wadda ta tara su Yaffa Eliach ce, malamar tarihi a Kwalejin Brooklyn, 'yar garin da ta tsira tana ƙaramar yarinya. Kakanta Yitzhak Uri Katz da kakarta Alte Katz su ne masu ɗaukar hoton garin. Shekara 17 ta yi tana bin mutanen Eishishok da suka watsu a duniya, gida-gida, har ta haɗa hotuna wajen 6,000. Babu gawa ko ɗaya a bangon nan. Ango da amarya ne, 'yan makaranta, 'yan mata a kan keke, samari a bakin ruwa, yara cikin ƙanƙara, tsofaffi masu gemu. Ita kanta tana ciki, 'yar mitsitsiya, tana ba kaji abinci.

A ranakun 25 da 26 ga Satumban 1941 rundunar kisa ta Jamus da 'yan kanzaginta na Lituwaniya suka harbe Yahudawan garin, maza a rana ta farko, mata da yara washegari. Jami'in da ke jagorantar rundunar, Karl Jäger, ya shigar da lissafin a rahotonsa: maza 989, mata 1,636, yara 821, jimla 3,446.

Da na koma na fara zuba wa Madam irin bayanin da kowa zai yi, na tausayi da mamaki. Ta bari na gama, sannan ta ce, "To, garin da aka kashe mutanensa aka wawashe gidajensu, ta ina hoto 6,000 ya fito?"

Amsar wannan tambaya ita ce ta zama ginshiƙin duk aikin da na yi a ɗakunan nan. Hotunan da suka zauna a gida galibi sun tafi tare da masu su. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda aka sa a ambulan aka aika waje tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Tsakanin 1881 da 1924 Yahudawan gabashin Turai wajen miliyan biyu suka ƙaura zuwa Amurka, wasu suka nufi Ajantina, wasu Falasɗinu, mutanen Lituwaniya da dama kuma Afirka ta Kudu. A 1924 Amurka ta yi dokar da ta kusan rufe ƙofa. Iyali ya rabu biyu, babu sauran ganin juna sai ta gidan waya. Ke nan kusan duk hoton da ke gabana wasiƙa ce. An ɗauke shi ne domin wani ɗan'uwa a New York ko Johannesburg ya gani, kuma abin da mai aikawa yake so a gani shi ya sa a gaba.

Masu bin wannan labari tun farko sun san a shagon hoto na tashi. Baba ya yi shekaru yana ɗaukar hoto a Kano, ni ke riƙe masa fitila, ni ke shanya hotuna a igiya idan ya wanke. Sai dai ban taɓa ɗauka sana'ar tasa za ta yi mini rana a ƙasan wani gini a Amurka ba.

A ɗaya daga cikin akwatunan akwai wani hoto da ya tsaya mini a wuya. Iyali ne su shida. Dattijo na zaune da dogon gemu da doguwar baƙar riga da hula mai baki. Matarsa na gefensa, gashinta a kwance sumul, ya yi tsari fiye da kima. Madam ta ce gashin kanti ne, wanda matan aure masu riƙo da addini ke sawa don rufe nasu. A bayansu saurayi ne tsaye, fuska a aske tas, da kwat da laktaye, kai ba hula. Kusa da shi budurwa ta yanke gashinta iya kunne. Sai yara biyu a ƙasa. A cinyar tsohuwar kuma akwai wani ƙaramin hoto cikin firam, ta juyo da shi wajen kyamara. Bayan katin fari fat, ko ɗigon tawada babu.

Na nemi izinin Madam na ɗauki hoton wannan da wasu 'yan kaɗan daga akwatin, na tura ta wayar ƙanena a nuna wa Baba. Da daddare ya kira.

"Kai, ina kake kallo a hoton nan?"

Na ce, "Fuskokinsu, Baba."

"Fuska ta san ana kallonta. Sauka ƙasa. Ka ga takalmin yaron nan na hagu? Ba nasa ba ne, ya fi ƙafarsa. Hannun kwat ɗin saurayin ya rufe masa 'yan yatsu. Sarƙar agogon da ke ƙirjinsa kuma, je ka duba hoto na uku da ka turo, ita ce a jikin wancan mai gashin bakin. Ta mai shago ce. Ni ma ina da agogon da rabin samarin unguwa suka yi hoto da shi."

Na ce, "Allah ya ƙara girma, Baba. To garin fa, ta yaya zan gane?"

"Labulen bayansu. Mai hoto ba ya canza labule sai ya mutu masa. Dubi ƙasa ta hannun hagu, wajen tukunyar furen da aka zana, akwai inda fenti ya ɓare. Duk hoton da ka ga ɓarewar nan, shago ɗaya ne."

Washegari na baje akwatin a kan tebur da gilashin ƙara girma, ina bin kusurwar hagu. Hotuna da dama suka fito da wannan tabo, kuma ɗaya daga cikinsu yana da hatimin mai shagon a baya, da sunan garinsa a harshen Poland. Haka iyalin nan suka samu gari. Madam ta daɗe tana kallon labulen, sannan ta ce in gaya wa Baba tana gaishe shi. Ƙaramin hoton da ke cinyar tsohuwar kuwa ita ta warware mini shi: ɗan da ya tafi ne. Ana riƙe hotonsa domin iyali ya cika, sannan a aika masa ya ga ba a cire shi daga lissafi ba.

Shekara kuma da wasu alamu ake kamo ta. Hoton da aka manna a kan kwali mai kauri, da sunan shago da haruffan Rashanci, yawanci na zamanin sarakunan Rasha ne, kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wanda aka buga a takarda mai bayan katin gidan waya, da hatimi a harshen Poland, ya fi yawa a shekarun 1920 da 1930. Wasu kuma katin gaisuwar sabuwar shekarar Yahudawa ne, wadda ke faɗowa a Satumba ko farkon Oktoba. Mai hoto ya sa fuskar mutum a tsakiya, ya kewaye ta da furanni da addu'a. Waɗannan sun fi sauƙi, domin sukan zo da shekara a lissafinsu, an rubuta da haruffa maimakon lambobi. Madam ta koya mini juyawa: shekarar 5695, misali, ta fara ne a Satumban 1934.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawan saɓanin da ke cikin gida ɗaya. Kafin in zo, hoton da ke kaina na Bayahuden Turai na da shi ne dattijo mai gemu a kan littafi. Ga dattijon nan kuwa, amma ga ɗansa a bayansa ya aske. A cikin akwatin akwai ajin yara maza a gaban malamin addini, akwai ajin makarantun Tarbut inda ake koyar da maza da mata da Ibrananci, akwai na makarantun da suka ce Yiddish ne harshen talaka, da shi za a yi karatu. Akwai matasa sanye da kayan sikawut suna shirin tafiya Falasɗinu, akwai 'yan jam'iyyar ma'aikata ta Bund, wadda aka kafa a Vilna a 1897, waɗanda suka ce nan aka haife su, nan za su nemi haƙƙinsu. Akwai 'yan ƙwallon ƙungiyar wasannin Yahudawa ta Maccabi, akwai 'yan kwana-kwana na sa-kai da hulunan ƙarfe. Yahudawan Poland sun kai wajen miliyan 3.3 a 1939, kusan kashi goma cikin ɗari na jama'ar ƙasar, kuma jama'a mai wannan yawa ba ta taɓa zama baki ɗaya ba. Suna gardama da juna a kan harshe, a kan addini, a kan zama ko tafiya.

Sai kuma abin da babu. Ranar Asabar ita ce zuciyar mako a garuruwan nan: a rufe shaguna, a kunna kyandir tun yammacin Juma'a, a tafi majami'a, a ci abinci tare. Amma aiki haramun ne a ranar, ɗaukar hoto kuma aiki ne. Don haka ranar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ba ka samu a akwati. Mai ɗiban ruwa da ɗan dako ma da wuya su bayyana, don ba su da kuɗin shago, ba su kuma da wanda za su burge a Amurka. Kicin babu, rashin lafiya babu, bashi babu. Mutuwa kaɗai ke shigowa, ta hanyar hoton iyali tsaye a gefen dutsen kabari, wanda ake aika wa ɗan da bai samu jana'iza ba.

Talakawan suna wani wurin, a hotunan Roman Vishniac, wanda ya zagaya gabashin Turai tsakanin 1935 da 1938. Sai dai shi ma aike ne. Ƙungiyar agaji ta Yahudawan Amurka da ake kira Joint ce ta tura shi domin ta samu abin nuna wa masu ba da gudummawa, don haka ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da yara masu yunwa da tsofaffin malamai ya fi fitarwa. Da mai bincike Maya Benton ta bi nagatif ɗinsa daga baya, aka yi baje kolinsu a New York a 2013, sai ga shi ya ɗauki masu shiga ta zamani da shaguna cike da kaya, ba su ne dai aka yaɗa ba. Mai shagon hoto ya ɓoye talauci don abokin cinikinsa ya fita kunya, mai agaji ya ɓoye wadata don a buɗe aljihu. Ni dai ban ga maƙaryaci a cikinsu ba, amma wanda ya riƙe ɗaya ya bar ɗaya rabin gari ya gani.

Akwai maganar da baƙi ke yawan yi idan sun leƙo ɗakinmu, wadda har yau ba na sonta. Sai mutum ya ɗauki hoton 1932 ya ce, "Dubi idanunsu, kamar sun san abin da ke tafe." Ba su sani ba. An ce musu ne kada su motsa, kuma sun biya kuɗi, ba wanda zai ɓata hotonsa da dariya. Budurwar nan mai gajeren gashi ƙila tunaninta yana kan ko yayanta zai aiko da kuɗin jirgin ruwa. Madam ta hana ni rubuta irin wannan hasashe a kati, ko mai daɗi ko mara daɗi. Gari, shekara, suna idan an samu, abin da ido ya gani. Inda ba a sani ba a bar gurbi.

Gab da ƙarshen zangon, a can ƙasan akwatin, na ci karo da ambulan da ta yi ja don tsufa. A ciki akwai wani hoton saurayin nan mai aron kwat, wannan karon shi kaɗai, a gaban labule mai tabo. Bayansa cike da rubutun Yiddish, layi a kan layi har gefe. Ambulan ɗin kuma ba adireshin Amurka ke jikinta ba, na wani titi ne a Johannesburg. Madam ta sa tabarau ta karanta a zuci, ta sake karantawa, sannan ta ce in kawo mata kundin sunayen waɗanda suka ba da akwatin.

Abin da wasiƙar ta ƙunsa, da yadda ta kai ni ga buga waya Afirka ta Kudu da kuɗin abincina na mako, shi za mu ɗora a kai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.