Kyamarar da kwamfuta ba ta gani ba: abin da na koya kafin in bar sashen

Duk wanda ya yi aiki a sashen kwamfuta na wata ma'aikata ya san cewa kayan da aka saya ba tare da an shawarce shi ba, shi za a tuhuma ranar da suka ƙi aiki. Na ajiye aikina a cibiyar horaswar da nake yi wa hidima, kuma cikin dukan abin da ya faru a can, batun kyamarar sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka ne ya fi tsaya mini a rai, domin shi ne ya rusa ƙoƙarin da muka daɗe muna yi na mayar da na'urorin cibiyar kan Ubuntu, wani nau'in Linux, wato babbar manhajar kyauta mai tafiyar da kwamfuta, don mu huta da kuɗin lasisi da kuma manhajojin sata da ake cika mana kwamfutoci da su.

Tsofaffin kwamfutocinmu ba su taɓa ba mu wahala ta fuskar kyamara ba, kuma akwai dalili. Kyamarar yawancin irin waɗannan na'urori, ko da yake tana manne a saman allo, ta hanyar USB take haɗe da uwar allon kwamfutar daga ciki, kuma tana bin ƙa'idar da ake kira UVC. Direban wannan ƙa'ida (manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da kyamarar), wato uvcvideo, yana cikin kanel, wato zuciyar manhajar Linux, tun fitowar 2.6.26 a shekarar 2008. Saboda haka idan wani ya kawo ƙara cewa kyamararsa ba ta aiki, hanyar binciken a bayyane take: a buɗe taminal, wato wurin rubuta umarni, a buga lsusb, mai jera na'urorin USB, a ga ko sunanta ya fito, a duba ko akwai fayil ɗin kyamara /dev/video0, a karanta abin da dmesg, mai nuna saƙonnin kanel, ya rubuta game da uvcvideo, sannan a gwada ta da manhajar ɗaukar hoto ta Cheese.

Sai shugaban sashenmu ya sayo sababbin kwamfutoci masu tsada, masu furosesar Intel zubi na 12, bai tambayi ɗayanmu ba. Na ɗora musu Ubuntu 22.04, mai kanel 5.15. Sauti ya yi, intanet ya yi, batir lafiya lau, amma kyamara babu labarinta. Umarnin lsusb bai nuna komai mai kama da kyamara ba. Na shiga BIOS, wato saitin ainihin na'urar, na tabbatar ba a kashe ta daga can ba, na gwada maɓallan Fn da wasu kwamfutoci ke yanke wa kyamara wuta da su, duk babu canji. Da na buga lspci, mai jera sauran sassan cikin kwamfuta, ne na ga wani layi na na'urar sarrafa hoto ta Intel, daga nan al'amarin ya fito fili. Wannan kyamara ba ta USB ba ce sam. Ƙwayar ɗaukar hotonta tana haɗe ne ta hanyar MIPI, irin yadda ake yi a wayoyin hannu, zuwa wani sashe na furosesa da ake kira IPU6. Kyamarar UVC ita take gyara hotonta da kanta ta miƙa shi a shirye, wannan kuwa ɗanyen bayani take fitarwa, sai wata manhaja ta daidaita launi da haske kafin ya zama hoton da ido zai gane. A wancan lokaci direban IPU6 bai shiga babban kanel ba tukuna.

Na rubuta wa shugaban wannan bayani a takarda guda, cikin harshen da wanda ba masani ba zai fahimta. Na ba shi zaɓi biyu. Ko a sayi ƙananan kyamarorin USB na waje, waɗanda za su yi aiki da zarar an jona su, ko kuma a ɗora direban da ke wajen kanel ta hanyar DKMS, tsarin da ke sake gina irin wannan direba don kowane sabon kanel, tare da gargaɗin cewa yana iya tsayawa duk lokacin da aka sabunta kanel, kuma Secure Boot, tsaron da ke hana manhajar da ba a amince da ita ba tashi, ba zai bar shi ya tashi ba sai an yi masa rajistar sa hannu. Amsar da ya ba ni a tsaye, bai ko buɗe takardar ba, ita ce: “Kwamfuta sabuwa fil a leda za ka ce in saya mata kyamara? Je ka yi fomatin ka sake ɗorawa.” Na ce masa, “Yallaɓai, ko sau nawa aka sake ɗorawa, direban ba ya ciki.” Ya ce umarni ne, na bi umarni, kyamara ta zauna yadda take.

Ranar da za a yi taron bidiyo da abokan hulɗar cibiyar, darakta ya zauna gaban sabuwar kwamfutarsa, aka ji muryarsa ba a ga fuskarsa ba. Shugaban sashen ya tsaya gaban ma'aikata ya ce ni ne na nace a yi amfani da “manhajar kyauta” wadda ba ta iya komai. Washegari na tarar da takardar tuhuma a kan teburina, kuma a makon aka ba da umarnin a cire Ubuntu daga dukan na'urorin cibiyar, har da tsofaffin da ba su taɓa kawo matsala ba. An bar jaki ana dukan taiki. Takardar gargaɗin da na rubuta tun farko, wadda ita ce hujjata, hannu da hannu na ba shi, don haka da ya ce bai san da ita ba, maganarsa ce ta tsaya.

Babban abin da zan faɗa wa duk wanda ya gaji wannan kujera shi ne ya rarrabe tsakanin kyamarar da kanel bai gani ba, da wadda ya gani amma babu direba, da wadda direba ya kama amma wata manhaja ta kasa amfani da ita. Kowanne hali da maganinsa, kuma fomatin ba ya cikin maganin ko ɗaya. Na biyu, kada ya yarda a biya kuɗin kwamfuta kafin ya tayar da ita daga filashi mai ɗauke da Linux ya buga lsusb da lspci a gaban mai sayarwa. Idan shugaba ya ƙi a yi wannan gwaji, ya nemi ƙin nasa a rubuce, ta imel, da kwafi zuwa ga wani na sama.

A shekarar 2024 direban IPU6 ya shiga kanel 6.10, kuma tare da manhajar sarrafa kyamara ta libcamera wasu daga cikin irin waɗannan kyamarori sun fara ba da hoto ba tare da direban waje ba. Na sanar da sashen a rubuce. Babu wanda ya amsa, kuma ba a janye takardar tuhumar daga fayil ɗina ba.

Sauran darussan ƙanana ne. Baƙin hoto alhali na'urar ta bayyana, galibi murfin da ake turawa a kan ruwan tabarau ne a rufe. Kyamara guda kan fito a matsayin video0 da video1, kuma na biyun sau da yawa ba hoto yake ɗauke da shi ba, don haka a duba da umarnin v4l2-ctl kafin a zaɓa. Idan wata manhaja ta riƙe kyamarar, umarnin fuser zai nuna wace ce. Kyamarar da ke ɓacewa daga lsusb tana dawowa duk lokacin da aka motsa allo kuwa, wayarta ce ta fara tsinkewa a mahaɗar murfin inda yake lanƙwasawa, kuma wannan aikin mai gyaran na'ura ne.