Gahawa a Legas: nawa ya isa, kuma ƙarfe nawa ya kamata a tsaya

Legas gari ne mai cinye barcin mutane. Wanda ke kwana a Agege yana aiki a Obalende sai ya fito tun kafin assalatu don ya riga cunkoso. Direban tanka yana kwana a layin Apapa, masu sauke kayan gwari a Mile 12 suna aiki tun cikin dare, mai gadi kuwa dama darensa ne ranarsa. Shi ya sa a teburin mai shayi ake yawan jin "a sa mini Nescafe, ya yi ƙarfi". Gahawa ba guba ba ce, har ma akwai hujja mai kyau cewa tana da amfani. Amma yadda akasarinmu ke shanta, babu awo, babu lura da lokaci, ga sukari tuli, shi ne ke ɓata lamarin.

Abin da ke wartsake mutum a cikin gahawa shi ne sinadarin kafeyin. Tun daga lokacin da mutum ya farka, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, kuma yawansa ne ke sa a ji gajiya da barci. Kafeyin yana zuwa ya tare gurbin da adenosin ke zama, sai saƙon gajiya ya kasa isa. Gajiyar tana nan ba ta je ko'ina ba. Kamar direba ne ya liƙa takarda a kan fitilar da ke nuna mai ya kusa ƙarewa: ya daina ganin gargaɗin, tankin bai ƙaru da ko ɗigo ba. Da kafeyin ya janye, duk adenosin ɗin da ya taru sai ya sauko gaba ɗaya, mutum ya ji jikinsa ya mutu.

Kafeyin yana kai ƙololuwarsa a jini cikin minti 30 zuwa 60 bayan an sha. Fitarsa ce ke ɗaukar lokaci, kuma nan ne mutane da yawa ke cutuwa ba su sani ba. Hantar babban mutum mai lafiya tana buƙatar kimanin awa 5 kafin ta kawar da rabin abin da aka sha. Wanda ya sha miligiram 120 bayan la'asar, ƙarfe 4, to da ƙarfe 9 na dare akwai kusan 60 a jikinsa, ƙarfe 2 na dare akwai 30. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2013 ya ba mutane miligiram 400 awa 6 kafin kwanciya, aka auna barcinsu da na'ura, aka ga ya ragu da fiye da awa guda. Akwai masu cewa su gahawa ba ta hana su barci. Ƙila ido ya rufe, amma barcin ba ya yin nauyi, sai a tashi a gajiye a nemi wani kofin, haka abin ke ta zagayawa. Ga wanda ke kwanciya ƙarfe 10 ya tashi ƙarfe 4, kofin ƙarshe kada ya wuce azahar. Mai aikin dare ya juya lissafin: ya sha a farkon aiki, ya tsaya awa 6 kafin lokacin da zai kwanta da safe.

Wannan awa 5 ɗin ma ba ɗaya take ga kowa ba. Mai shan taba yana fitar da kafeyin da sauri, kusan ninki biyu, saboda haka wanda ya daina taba ya rage gahawa, in ba haka ba adadin da ya saba zai soma sa shi rawar hannu. Mace mai shan ƙwayar tazarar haihuwa takan ɗauki kusan ninki biyu na lokacin. Mai juna biyu a watannin ƙarshe tana iya kai awa 15. Mai ciwon hanta shi ma yana daɗewa da shi.

Hukumomin kula da abinci na Turai da Amurka sun tsaya a kan miligiram 400 a rana ga babba mai lafiya, kuma ta Turai ta ce kada a wuce 200 a zama ɗaya. Cokalin shayi ɗaya na garin gahawa mai narkewa, in an ɗan tula shi, yana da kimanin 60. Kofin gahawar da aka dafa daga niƙaƙƙen ƙwaya yana kusa da 95. Kofin baƙin shayi 40 zuwa 50, gwangwanin Coca-Cola ɗan sama da 30, ƙaramin gwangwanin Red Bull 80. Ƙwayar Panadol Extra ɗaya tana da 65, wato biyun da ake haɗiya lokaci guda 130 ke nan. Sannan ga goro, wanda ba ma sa shi a lissafi sam alhali kafeyin ne a cikinsa. Ɗauki ɗan dako da ya sha gahawa mai cokali biyu a tule da asuba, ya ɓare goro biyu kafin azahar, ya kora da lemon ƙarin kuzari saboda zafin rana, kansa ya yi ciwo ya haɗiyi maganin da ke da kafeyin, da dare kuma ya zauna majalisar shayi. Ya haura 400, kuma in ka tambaye shi zai ce kofi ɗaya kawai ya sha. Alamun an wuce gona da iri sanannu ne: bugun zuciya da sauri, faɗuwar gaba babu dalili, rawar hannu, saurin fushi, yawan fitsari.

Amfanin fa? A 2017 mujallar likitoci ta BMJ da ke Ingila ta tattara nazarce-nazarce sama da 200, ta ga masu shan kofi 3 zuwa 4 a rana sun fi waɗanda ba sa sha ƙarancin ciwon zuciya, ciwon sukari nau'i na biyu, da cutar Parkinson mai sa karkarwar jiki. Inda hujjar ta fi ƙarfi shi ne hanta: ƙanƙancewar hanta da kansar hanta sun fi ƙaranci a wurin masu shan gahawa. Ragin ciwon sukari an gan shi har a gahawar da aka cire wa kafeyin, abin da ke nuna cewa wasu sinadaran ƙwayar ne ke wannan aiki. Sai dai akasarin waɗannan nazarce-nazarce bibiyar rayuwar mutane ne, suna nuna alaƙa, ba su tabbatar da cewa gahawar ce ta yi maganin ba. Wanda ba ya sha ba a ce ya fara don neman lafiya ba. Kuma mai ɗauke da ciwon hanta na B, wanda ya yi yawa a ƙasar nan, asibiti da gwaji yake buƙata, kofi ba zai tsaya masa ba.

Tsoron da ake yi cewa gahawa na kawo kansa ya samo asali daga 1991, lokacin da cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ake zargi. A 2016 cibiyar ta sake dubawa ta cire ta. Abin da ta zarga a maimakon haka shi ne zafi: duk abin sha da ya haura digiri 65 yana iya jawo kansar maƙoshi. Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu da muke son shayi yana tururi. A bar shi minti 4 ko 5 ya huce.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Kofin da ake magana a kai a waɗancan nazarce-nazarce ba irin wanda ake haɗawa a bakin titi ba ne. Cokalin shayi ɗaya na sukari giram 4 ne in an share bakinsa, in an tula ya kai 6 ko 7. Cokali uku a tule ya kusa giram 20 a kofi guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, kuma in ya tsaya a 25 ya fi. Kofi biyu irin wannan, da burodi da lemon kwalba, an wuce iyaka tun rana ba ta raba ba. Ƙananan ledojin nan na uku-a-ɗaya kuwa, juya bayansu ka karanta: ana jera kayan haɗi daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, kuma galibi sukari ne a farko, sai garin da ke maye gurbin madara, gahawar tana can baya. Ba zai yiwu a sha wannan sau uku a rana a ce ana gudun ciwon sukari ba. Hanyar da ke aiki ita ce rage rabin cokali duk mako har harshe ya saba. Citta, kanumfari ko kirfa suna rage ɗacin ba tare da sun ƙara komai ba.

Masu dafa niƙaƙƙiyar gahawa a buta, irin ta Larabawa, su san cewa tana da wani maiƙo mai suna kafestol da ke ɗaga kolestarol marar kyau. Rariyar ƙarfe ba ta tare shi, matacin takarda ne ke tarewa. Mai narkewa ba ta da shi sai ɗan kaɗan.

Mai juna biyu iyakarta miligiram 200 a rana, har da shayi da goro. Kafeyin yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, wanda hantarsa ba ta iya sarrafa shi ba tukuna, kuma an danganta yawansa da ɓari da haihuwar jariri marar nauyi. Gahawa da shayi suna hana hanji tsotse sinadarin ƙarfe daga wake, zogale, alayyafo da ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo, don haka a raba su da awa ɗaya zuwa biyu. Mai hawan jini ya sani cewa kofi guda yana ɗaga awonsa na wasu awanni. Kada ya sha cikin minti 30 kafin a gwada shi, kuma in jininsa bai daidaita ba ya tambayi likitansa adadin da ya dace. Gahawa ba ita ke haddasa olsa ba, ƙwayar cutar H. pylori da magunguna irin su ibuprofen da diclofenac ne kan gaba, amma tana ƙara ruwan tsamin ciki, tana tsananta ƙwannafi, musamman in ba a karya ba. Wanda aka rubuta wa ciprofloxacin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya rage shan gahawa har ya gama, domin maganin yana hana hanta fitar da kafeyin.

Abu biyu kuma babu sassauci a kansu. Jefa tramadol cikin gahawa ko lemon ƙarin kuzari don a jure aiki yana iya kawo farfaɗiya da rikicewar bugun zuciya. Sai gahawar leda da ake tallatawa da sunan ƙarin ƙarfin maza: hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sha gano sildenafil, sinadarin Viagra, ko danginsa a ɓoye cikin irin waɗannan, kuma ga mai shan maganin ciwon ƙirji na nitrate hakan na iya faɗar da jini har ya halaka.

Direban da barci ya kama a hanyar Ibadan ya nemi wuri mai aminci ya tsaya, ya sha gahawarsa, ya kwanta nan take na minti 15 zuwa 20. Zai farka daidai lokacin da kafeyin ke soma aiki. Wannan zai kai shi masauki ne kawai, ba zai maye barcin dare ba.

Ciwon kan nan na ranakun farko na azumi, a wurin mutane da yawa rashin kafeyin ne ba yunwa ba. Yana somawa awa 12 zuwa 24 bayan kofin ƙarshe, ya tsananta a rana ta biyu, yana iya kaiwa kwana 9. Tun saura mako biyu a ga wata a fara ragewa, rabin cokali duk kwana uku, goro ma haka. Wanda bai iya bari gaba ɗaya ba ya sha kofi ɗaya marar ƙarfi da sahur tare da ruwa isasshe, ya bar na bayan asham, domin wanda aka sha ƙarfe 9 na dare rabinsa yana nan a jini har ƙarfe 2.